Daga Gaɓa zuwa Zuciya: Tarihin Fahimtar Amosanin Gaɓɓai

A Wudil, inda masunta suke wuni cikin kogi, idan gaɓɓan mutum suka kumbura suka sandare da asuba, akan ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Magani kuwa gashi ne da saiwoyi, kafin ƙwayoyin kemis su shigo. Ba a kawo zancen zuciya, kuma su kansu likitocin Turai sun daɗe ba su kawo shi ba.

A Nijeriya har an ɗauka cutar ba ta dami mutane ba. A 1968 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bayyana cewa a asibitin koyarwa na Ibadan ba a cika ganin irin amosanin da garkuwar jiki take haddasawa ba. Ya yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da makamantansa suna da hannu a ƙarancin. Sai dai littafin asibiti wanda ya iso ƙofa kaɗai yake ƙirgawa.

Haske ya ɓullo ta wata kusurwa dabam. A 1980 Robert Furchgott, a Amurka, ya lura cewa jijiyar jinin zomo ba ta sakewa idan aka goge siririyar fatar da ta shimfiɗe cikinta. Ashe fatar nan tana fitar da wani sinadari mai buɗe jijiya, wanda a 1987 aka tabbatar naitirik oksaid ne. Kumburin amosani ba ya tsayawa a gaɓa. Yana bin jini ya raunana wannan fata, sinadarin ya ragu, kitse ya sami wurin maƙalewa, hanyar jini ta ƙuntace. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyi ga masu wannan amosani ya ɗara na sauran jama'a da kimanin kashi 50 cikin 100.

Abin takaici, ƙwayoyin da ake saye ba da izinin likita ba, irin su diclofenac da prednisolone, sukan ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha. Masuncin da ya ji sauƙin gwiwa ya koma cikin kwalekwale, da wuya wani ya auna jininsa.