Zamanin da Sunan Marubuci Ke Sayar da Wasa: Tarihin Diramar Urdu a Talabijin ɗin Pakistan

Da yawa daga cikinmu da muka taso da kallon finafinan Indiya mun ɗauka cewa duk wani abin kallo da ya fito daga wancan yanki na duniya, to daga Bombay ya fito. Alhali kuwa a daidai shekarun da Amitabh Bachchan ke tashe, akwai wani abu da mutanen Indiya kansu ke bin dare suna neman kaset ɗinsa a shagunan haya, wato wasannin kwaikwayo na gidan talabijin ɗin maƙwabciyarsu Pakistan, wanda ake kira PTV. Da harshen Urdu ake yin su, harshen da kunnen mai kallon fim ɗin Indiya ya riga ya saba da shi ko bai sani ba, domin yawancin waƙoƙi da kalaman soyayyar tsofaffin finafinan nan da shi aka rubuta su. Abin da ya ja hankalina ga tarihin waɗannan wasanni shi ne matsayin da marubuci ya samu a cikinsa. A can, a wancan zamani, idan za a fara sabon wasa, tambayar da mutane ke fara yi ita ce, "Wa ya rubuta?"

An buɗe PTV ne a birnin Lahore ranar 26 ga Nuwamba, 1964, a zamanin Shugaba Ayub Khan, da taimakon kamfanin NEC na ƙasar Japan. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a harabar gidan rediyon Pakistan, hoton kuma baƙi da fari. Mutumin da aka ɗora wa jagorancin tashar, Aslam Azhar, ɗan wasan daɓe ne kuma mai son adabi. Da yake babu wanda ya taɓa aikin talabijin a ƙasar, sai aka kwaso ma'aikata daga rediyo da dandalin wasan kwaikwayo. Wannan shi ne asalin komai. Mutumin rediyo ba shi da abin da zai riƙe mai sauraro da shi sai magana, don haka da suka shigo talabijin sai suka shigo da wannan ɗabi'a. Ga shi kuma a farkon lamari kai tsaye ake watsa wasan, babu damar a ce "a sake". Kyamara biyu ko uku, ɗaki ɗaya, kujeru da tebur. In maganar ba ta yi daɗi ba, to wasan ya mutu. A irin wannan yanayi ne Kamal Ahmed Rizvi ya fito da Alif Noon a 1965, wasan barkwanci na wani mayaudari mai suna Allan da abokinsa mai farar zuciya Nanha, wanda kullum gaskiyarsa ke tona asirin damfarar da suka shirya.

Tashar Karachi ta biyo baya a 1967, daga nan kuma gasa ta ɓarke tsakanin biranen biyu. Babban wasan da ya fara girgiza ƙasar shi ne Khuda Ki Basti a 1969, wanda aka ɗauko daga littafin Shaukat Siddiqui na 1957. Labarin wata bazawara ce da 'ya'yanta uku a unguwar talakawa bayan raba Indiya da Pakistan, da wani dillalin kayan gwangwan mai suna Niaz da ya aure ta don ya samu hanyar kaiwa ga 'yarta Sultana, sannan ya haɗa baki da wani likitan bogi suka riƙa yi mata allurar da ta kashe ta a hankali. Ba labari ne mai daɗin ji ba, amma mutane sun ga unguwarsu a ciki. A 1974 Firayim Minista Zulfikar Ali Bhutto ya nemi a sake nuna shi, sai aka tarar an riga an goge faifan an ɗora wasu shirye-shirye a kai saboda ƙarancin faifai. Dole aka tara 'yan wasa aka sake ɗaukarsa daga farko. Wanda ake gani a yau na 1974 ɗin ne.

Akwai dalilan da suka sa talabijin ya samu wannan ƙarfi. Bayan yaƙin 1965 an hana nuna finafinan Indiya a silimun Pakistan. A 1971 Gabashin Pakistan ya ɓalle ya zama Bangladesh, kasuwar finafinan Urdu ta ragu. Da Janar Zia-ul-Haq ya ƙwace mulki a 1977 kuma sai dokoki da haraji suka ƙara durƙusar da silima, abin da ya rage a cikinta galibi finafinan Punjabi ne na sara da suka, waɗanda magidanci ba zai kai iyalinsa kallo ba. Sai kowa ya koma gida. Tasha ɗaya ce tal a ƙasar, wasan kuma sau ɗaya a mako yake zuwa, da misalin ƙarfe takwas na dare, yawanci kashi 13 ya ƙare, wato wata uku. Har yau tsofaffin Karachi da Lahore na ba da labarin yadda tituna ke yin tsit a daren da za a nuna kashin ƙarshe, da yadda ake kauce wa sa ranar biki a wannan dare.

To, su wa ke rubutawa? A Lahore akwai Ashfaq Ahmed, wanda ya riga ya yi suna da gajerun labarai da shirinsa na rediyo Talqeen Shah kafin ya rubuta jerin Ek Mohabbat Sau Afsanay, da matarsa Bano Qudsia, mai littafin Raja Gidh. Nasu rubutun mai nauyi ne, cike da falsafa da sufanci, kuma ni a ganina wani lokaci jawabin kan yi tsawo har ya danne labarin. Sai kuma mawaƙi Amjad Islam Amjad, wanda ya rubuta Waris a 1979. Kalmar "waris" Larabci ce, ma'anarta magaji. Labarin Chaudhry Hashmat ne, wani tsohon mai gonaki da ke mulkin ƙauyen Sikandarpur kamar gidansa, ya mallaki ƙasa ya mallaki mutanen da ke kanta, har ranar da gwamnati ta zo da shirin gina madatsar ruwa da za ta shanye ƙauyen. 'Ya'ya da jikoki suka cinye juna da gaba da kwaɗayi, shi kuwa tsohon ya ƙi barin gidan kakanninsa har ruwa ya iso. Mehboob Alam, wanda ya fito a matsayin Chaudhry, a lokacin matashi ne aka yi masa kwalliyar tsufa, amma sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abid Ali kuma, da ya fito a matsayin Dilawar mai neman fansar ɗan'uwansa, daga nan tauraronsa ya haska. A ƙasar da manyan masu gonaki ke riƙe da siyasa, nuna wannan a tashar gwamnati ba ƙaramin abu ba ne.

Karachi kuwa mata ne suka riƙe ta. Fatima Surayya Bajia, wadda kowa ke kira Bajia, wato babbar yaya, ita ce gwanar labarin babban gida, inda kakanni da surukai da jikoki ke zaune wuri ɗaya, da bukukuwa da al'adun Musulmin arewacin Indiya na da. Shama, da ta ɗauko daga littafin A.R. Khatoon, da Afshan da Aroosa duk nata ne. Gidansu gidan baiwa ne, domin ƙanwarta Zehra Nigah mawaƙiya ce, ƙaninta kuma shi ne Anwar Maqsood da za mu zo kansa.

Amma wadda na fi so in tsaya a kanta ita ce Haseena Moin. An haife ta a Kanpur ta Indiya a 1941, iyayenta suka yi ƙaura zuwa Pakistan bayan rabuwa. Malamar makaranta ce da ke rubuta wa gidan rediyon Karachi wasanni, har mawaƙi Iftikhar Arif, wanda a lokacin ke kula da sashen rubutu a tashar talabijin ta Karachi, ya gayyace ta. Mai karatu ya lura da wannan: wanda ke tace rubutun wasa kafin a ɗauka, shi kansa babban mawaƙi ne. A lokacin an fi amincewa da a ɗauko labari daga littafin da ya riga ya yi suna, ita ce ta nuna cewa ana iya ƙirƙirar labari musamman don talabijin ya karɓu, da Kiran Kahani a 1973. Parchaiyan na 1976, da ta gina kan wani littafin Henry James, shi ne wasa mai dogon zango na farko da PTV ta nuna da launi.

Abin da ta kawo sabo shi ne irin yarinyar da take rubutawa. Kafin ita, mace a wasa ko dai mai kuka ce ko muguwa. 'Yan matan Haseena kuwa suna da surutu, suna da tsiwa, suna yin kuskure su yi dariya, suna fita neman aiki, kuma ba su zama 'yan iska don sun yi haka ba. A Ankahi na 1982, Shehnaz Sheikh ta fito a matsayin Sana Murad, yarinyar da ta samu aikin sakatariya ba tare da ta iya komai na aikin ba, tana ɓarna a ofis ana dariya, alhali a gida ƙaninta na fama da ciwon zuciya kuma kuɗin maganinsa take nema. A Tanhaiyaan na 1985, 'yan'uwa biyu, Zara da Sanya, sun rasa iyayensu a haɗari, bashi ya cinye gidansu. Zara ta sa wa ranta sai ta sake sayen gidan nan, ta yi watsi da kowa da komai har ta saye shi, ranar da ta shiga kuma ta tarar bango ne kawai. Marina Khan, da ta fito a matsayin Sanya, ita ce kuma Dakta Zoya a Dhoop Kinare na 1987, ƙaramar likita mai rawar kai da ta faɗa ƙarƙashin wani babban likita mai ɗaure fuska, Dakta Ahmer, wanda Rahat Kazmi ya fito a matsayinsa. Matar Rahat ɗin, Sahira Kazmi, ita ta ba da umarni. Soyayya ce da ba a taɓa ko hannu ba, kusan duk a kallo da shiru da gajerun kalamai take, amma har yau ana kallonta. A 2011 wata tashar Indiya ta sake yin labarin da sunan Kuch Toh Log Kahenge, ta ja shi ya haura kashi ɗari uku.

Abin mamaki shi ne duk waɗannan uku a zamanin Zia aka yi su, lokacin da aka umarci matan da ke fitowa a talabijin su rufe kai, har mai gabatar da shiri Mehtab Rashdi ta gwammace ta bar aikin da a tilasta mata. Masu tacewa na zaune kan kowane layi. Ba zan ce takurawa alheri ce ba, domin ta kori mutane da dama daga aiki, ta kuma hana labarai da yawa fitowa. Sai dai ta koya wa waɗanda suka rage yin magana da zaurance, kuma babu wanda ya kai Anwar Maqsood iya wannan. Yana cikin marubutan shirin barkwanci na Fifty Fifty da Shoaib Mansoor ya shirya, sannan a 1984 ya rubuta Aangan Terha. A zahiri labarin wani ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, da matarsa mai faɗa, da kukunsu Akbar, tsohon ɗan rawar gargajiya da ya rasa sana'a saboda an rufe makarantun rawa. A baɗini kuwa kowace magana da Akbar zai yi a kan miya ko cefane, habaici ce ga mulkin soja da zaɓen da aka yi ta ɗagewa. Saleem Nasir ne ya fito a matsayin Akbar, Shakeel da Bushra Ansari kuma su ne masu gida.

Sunan waɗannan marubuta ya tsallaka iyaka. Mutanen Amritsar da ke kusa da Lahore kan juya eriyarsu su kamo PTV, sauran biranen kuma sai kaset. Da Raj Kapoor ya tashi yin fim ɗinsa na ƙarshe, Henna, labarin ɗan Indiya da ruwa ya kai shi ɓangaren Pakistan, Haseena Moin ya nema ta rubuta masa kalaman. Ya rasu a 1988 kafin a yi fim ɗin, ɗansa Randhir ya kammala shi ya fito a 1991, da Rishi Kapoor da 'yar Pakistan Zeba Bakhtiar. Saboda haka duk wanda ya kalli Henna a cikinmu, ya riga ya ɗanɗani alƙalamin Haseena bai sani ba.

Daga 1990 aka fara samun tashar da ke gogayya da PTV, sannan tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin Indiya har cikin ɗaki. PTV ta ci gaba da fitar da abubuwa masu kyau, irin su Marvi na Noorul Huda Shah, da Dhuwan daga tashar Quetta, da Alpha Bravo Charlie na Shoaib Mansoor a 1998, amma zamanin tasha ɗaya ya wuce. Bayan 2002 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, talla ta zama ita ke yanke tsawon labari. Sultana Siddiqui, wadda ta ba da umarnin Marvi a PTV, ita ta kafa Hum TV a 2005, tashar da ta fito da Humsafar a 2011 da Zindagi Gulzar Hai a 2012. Ko waɗannan ma daga littattafan marubuta mata aka ɗauko su, Farhat Ishtiaq da Umera Ahmed, waɗanda suka fara da buga labaransu kashi-kashi a mujallun mata na wata-wata. Haseena dai ta sha kokawa a hirarrakinta na ƙarshe cewa an mayar da mace mai kuka da shan mari cikin wasa, bayan duk wahalar da suka sha wajen fitar da ita.

Ashfaq Ahmed ya rasu a 2004, Bajia a 2016, Bano Qudsia a 2017, Haseena Moin a watan Maris na 2021, Amjad Islam Amjad kuma a Fabrairun 2023. Wasannin da suka tsira daga gogewa yawancinsu suna YouTube, hoton ya dusashe, sautin na shaƙewa, wasu da fassarar Turanci a ƙasa wasu babu. Wanda zai gwada, ina ba shi shawara ya fara da Tanhaiyaan, in ya gama ya koma Waris.