Hajiya Balaraba Ramat Yakubu: Wadda Ta Kai Zancen Tsakar Gida Kasuwa

In aka shiga gidajenmu a Kpébié ko Zongo a nan Paraku, ko can Jugu, aka tambayi yaro ɗan shekara goma sunayen 'yan wasan fim ɗin Kano, sai ya jero su ba tuntuɓe. In kuwa aka tambayi uban yaron wane ne ya rubuta labarin da suka raba dare suna kallo, sai a ji shiru. Mun san fuskoki, ba mu san alƙaluma ba. Alhali kafin fim ya kafu a Kano littafi ne ya share masa fage, kuma a cikin waɗanda suka ɗauko labari daga takarda suka kai shi gaban kyamara akwai wata mace da ya kamata mu san ta ciki da bai.

Ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko yana da ranar haihuwa sananniya. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta su, kuma galibinsu labaran tafiya ne da yaƙi da yawon duniya. Mace a cikinsu, in ta fito, daga zaure ake hango ta. Ba wai matan ƙasar Hausa ba su taɓa riƙe alƙalami ba, ga Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙoƙinta tun ƙarni na 19. Amma sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labari na farko da mace ta fitar da boko. Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa masu teburin littattafai a kasuwa. Waɗanda suka raina abin ne suka raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano.

An haifi Balaraba a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1950. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya shugabanci Nijeriya daga Yulin 1975 har aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. Mai karatu zai zaci 'yar irin wannan gida ta sha karatu ta ƙoshi. Ba haka abin ya kasance ba. An cire ta daga firamare tana wajen shekara goma sha uku aka aurar da ita ga mutumin da ya haife ta da nisa, auren bai cika shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gida ƙaramar bazawara. Ta nemi izinin zuwa koyon ɗinki da saƙa, aka bar ta. Wurin kuwa makarantar yaƙi da jahilci ce ta manya, nan ta ɗora daga inda aka katse ta. Da Hausa ta ƙware a karatu da rubutu, da Hausar kuma ta yi duk aikinta.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma tun daga nan aka gane ba wasiƙun masoya ta zo rubutawa ba. Attajiri mai auri-saki ta sa a gaba. A 1990 ta fitar da biyu da suka tsayar da sunanta. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar da uba ya hana ta makaranta, ɗan'uwanta da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da dattijo Sarkin Noma, ta gudu wurin gwaggonta a Kaduna, ta yi karatu har ta zama abin alfahari ga waɗanda suka wulaƙanta ta. Ba sai an faɗa ba, marubuciyar ta san ɗacin abin da take bayarwa daga harshenta. Littafin ya tayar da ƙura, wasu malamai suka ɗauka da su ake, suka yi mata ca.

Na biyun, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ne a ganinmu ƙololuwar aikinta. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ta haifa masa 'ya'ya tara, yana ƙuntata mata a cefane yana ɓarnatar da dukiya a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya ɓarke, ya kori Rabi da 'ya'yanta duka. Abin da ya bambanta littafin da sauran labaran kishiya shi ne abin da ya biyo bayan korar. Balaraba ta zauna ta bi mace mai 'ya'ya tara kwana bi kwana: inda za ta kama haya, yadda za ta fara sayar da abinci, wa zai biya kuɗin makaranta, wane ɗan'uwa ya taimaka wane ya noƙe. Lissafin tukunya ne ta mayar adabi. Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san Rabi, domin akwai ta a bakin kowace tasha tana tuƙa tuwo da asuba, sai dai kafin Balaraba ba wanda ya ga ta isa a rubuta littafi a kanta.

Ƙarshen labarin ne ake ta muhawara a kai har yau. 'Yar Rabi, Saudatu, ta auri mai hali, gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai mazan dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya tozarta ta. Ta koma, ba da son ranta ba. Wasu masu nazari suna ganin marubuciyar ta ja da baya a nan. Mu dai muna ganin gaskiya ta faɗa: ta nuna mace ta tsaya da ƙafarta, ta kuma nuna cewa tsayuwar ba ta hana maza su zauna su yanke mata hukunci. Da ta rufe littafin da Rabi tana cin duniyarta da tsinke, da matan da suka karanta shi sun san an yi musu daɗin baki.

Ba mu ce rubutunta ba shi da naƙasa ba. Hausarta ta magana ce, ba ta da gogewa irin ta Imam, kuma kura-kuran ɗab'i sun yi yawa a littattafan wancan zamani, nata da na sauran. Su kansu marubutan sun san yadda ake kallonsu, shi ya sa ƙungiyar da ta kafa tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suka kira ta Raina Kama, sauran karin maganar kowa ya san shi. An shafe shekarun 1990 ana fafatawa a jaridu, Ibrahim Malumfashi na sukar wannan adabi, Abdalla Uba Adamu na kare shi. A 2007 har hukumomin Kano suka ƙona tarin littattafan soyayya a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata.

Shigarta fim ba abin mamaki ba ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, marubuta da dama suka ga cewa wanda bai iya karatu ba ya iya kallo. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. Ita ma ta shiga harkar da kanta, tana rubuta labari tana ɗaukar nauyin shiri, a sana'ar da ake yi wa mace kallon banza ko da a bayan kyamara take. A 2017 ta fitar da Juyin Sarauta, labarin fada na zamanin da, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, aka kashe masa ƙoƙari wajen tufafi da gini da harshen mutanen da, a lokacin da yawancin finafinan Kano suka raja'a ga rawa da waƙa irin ta Indiya.

Daga Indiyar nan kuwa wani abin al'ajabi ya zo. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi, shi ne kuma labarin Bahaushiya na farko da aka fassara cikakke zuwa wannan harshe. Ƙasar da muka yi shekaru muna kallon finafinanta ita ce ta fara karanta namu.

A nan ne zancen ya dawo kanmu. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, suka bar mana harshe. Yau muna Hausa a gida, Dendi a kasuwa, Faransanci a makaranta. Yarinyarmu da ta kai ajin ƙarshe na sakandare za ta karanta Mariama Bâ ta Senegal da Faransanci, ta tausaya wa matar da aka yi wa kishiya a Dakar, amma in aka miƙa mata Alhaki Kuykuyo Ne sai ta tsaya tana haɗa baƙi, don ba wanda ya taɓa nuna mata bambancin k da ƙ, ko d da ɗ. Uwarta kuma, wadda labarin Rabi ya fi shafa, ta san shi ne kawai in ta dace da fim ɗin. Balaraba ta koyi waɗannan haruffa ne a ajin manya, tana bazawara, da sunan ta tafi ɗinki.