Wayar da Kai Ba Tare da Mafita Ba: Darasi daga Gidajen Mari

Akwai ra'ayin da ya kankama a tsakanin masu nazarin kare haƙƙin yara a Arewacin Nijeriya, cewa jahilci ne tushen cin zarafin yara da sakaci da su, don haka maganin shi ne a yawaita faɗakarwa a rediyo da masallatai da tarukan unguwa. A ganina wannan ra'ayi ya kama rabin gaskiya ya ɗauke ta a matsayin cikakkiya. Tarihin dokokin kare yara sananne ne: Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da jan ƙafar jihohin Arewa wajen karɓarta, har Kano sai a 2023 ta sanya hannu a kan tata.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 da tallafin UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, sannan waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Masu ra'ayin faɗakarwa sun fi kafa hujja da adadin farko. Na biyun ne, a nawa nazarin, ya fi nuna inda gizo ke saƙar.

A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Cikin makonni kaɗan aka gano irinsa a Daura da Zariya da Kano. Abin lura shi ne, akasarinsu iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, bisa zargin shaye-shaye ko sata ko taɓin hankali ko abin da ake kira kangara.

Mai kare ra'ayin faɗakarwa zai ce ai wannan shi ne jahilcin da ake faɗa: da uba ya san illar ɗaure yaro, da bai kai ɗansa ba. Amsar ba ta gamsar da ni ba. Da wuya a sami uban da bai san sarƙa tana cutarwa ba. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai kai yaron da ya gagare shi. Fasa gidajen ya faru ne shekara guda bayan gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai sinadarin kodin a 2018, saboda yadda shansa ya yi katutu a tsakanin matasa. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri sun yi wa yankin kaɗan, kuma sun yi wa mutumin karkara nisa da tsada. Gidan mari kuwa yana kusa, kuma yana sanye da rigar tarbiyya.

Zai ƙara da cewa iyayen ba su san abin da ke gudana a ciki ba. A nan yana da ƙamshin gaskiya, musamman game da lalatar da wasu daga cikin waɗanda aka ceto suka ce an yi da su. Sai dai da wuya a yarda cewa unguwa guda ta yi shekara da shekaru ba ta ji motsin komai ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne maƙwabci ya sani, amma bai san wa zai faɗa wa ba, kuma yana tsoron a ce ya tona asiri ko ya taɓa malami.

Hujjarsa ta uku ita ce ba za a dakatar da faɗakarwa har sai an gina asibitoci ba. Na yarda, kuma a nan ya kamata in taƙaita da'awata. Misalin gidajen mari bai isa ya rushe amfanin wayar da kai gaba ɗaya ba. A sha'anin fyaɗe cikin dangi, inda kunya da rufin asiri ke rufe bakin uwa, magana a bainar jama'a tana da tasiri. Haka ma tunatar da uba cewa ciyarwa da reno wajibai ne da littattafan Risala da Muhtasar suka yi bayaninsu. Abin da misalin ya tabbatar shi ne faɗakarwar da ta tsaya ga cewa abu kaza haramun ne ba ta fitar da yaro daga ƙangi.

Saboda haka kowace sanarwa ta zo da sunan wurin da za a je da wanda za a gani, kamar cibiyoyin Salama a Kaduna da Waraka a Kano, tare da tabbacin za a sakaya sunan mai kai rahoto. Masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya su san wannan hanya kafin a ɗora musu nauyin wa'azi. Ma'aunin nasarar gangami kuma ya zama yawan yaran da aka kai rahotonsu suka sami magani da shari'a, domin da wannan adadi ne za a gane ko saƙon ya yi aiki.