Alƙalamin Aro

Tun da rubutu ya shigo ƙasar Kano mutane kashi biyu ne, da mai rubuta wa kansa, da wanda a ke rubuta wa. In aka dubi tarihin ilmi a ƙasarmu da kyau, sai a ga labari ne na yadda jama'a suka yi ta ƙaura daga kashi na biyu zuwa na farko, sannu sannu, da wahala mai yawa. Yanzu kuwa ga wata na'ura ta fito wadda ta ke rubuta wa mutum duk abin da ya roƙa kafin ya ƙifta ido. Sabo da haka ya kamata mu waiwaya mu ga inda muka fito, don mu san masaukin da za mu ba wannan baƙuwa.

Zamanin allo da tawada

Masana tarihi sun ce Wangarawa sun zo Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Bayansu Shaihu Maghili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har ya rubuta masa littafi a kan sha'anin mulki. Sannu a hankali makarantun allo suka bazu daga birni zuwa ƙauyuka, har suka kai garuruwan kudu irin su Bebeji da Ƙiru.

Duk wanda ya zauna gaban malam ya san yadda karatun nan ya ke. Da farko malam shi ya ke rubuta wa yaro allo, ya biya masa, yaro ya yi ta maimaitawa. In hannunsa ya faɗa, sai a ce ya feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dafa tawadarsa, ya riƙa rubutawa da kansa. Ba a barinsa ya wanke allo sai ya kawo abin da ke jikinsa. In ya zama gardi ya shiga satu, sai ya kai allonsa wurin darasu, malamai su bi shi baƙi da wasali, ko ɗigo ɗaya ya ɓata sai an nuna masa. Ƙarshen tafiyar shi ne alaramma, wanda zai rubuta Alƙur'ani duka da ka. Abin lura a nan, malam ya kan rubuta wa yaro allo ne da nufin wata rana ya daina rubuta masa.

A fada kuma akwai magatakarda, mai rubuta wasiƙun sarki da Larabci. Aikin nan yana da ƙa'idodi, har Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano cikin 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana cikin 1934, ya wallafa littafi cikin 1877 mai koya yadda a ke tsara wasiƙa. Watau ke nan aron salo ba sabon abu ba ne. Amma iyakar abin da a ke ara gaisuwa ce da shimfiɗa. Ainihin maganar daga bakin mai aikawa ta ke fitowa, kuma basarake mai hankali ba ya yarda a buga hatiminsa sai an karanta masa ya ji abin da ya faɗa ne aka rubuta.

Zuwan boko

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunarsa, ran 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga wata suka ci Kano. Ta hanyar nan tamu ta kudu mulkin Turawa ya shiga, takarda kuwa ta biyo bayansa. Haraji takarda, jangali takarda, sammaci takarda, awon gyaɗa da auduga takarda. Gwamnati ta zaɓi boko don aikin ofis, cikin 1909 kuma Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Amma makarantun nan kaɗan ne, mutumin Badafi a ƙasar Ƙiru, ko na Riruwai can cikin duwatsu, ina zai gan su?

To, sai sana'ar rubuta wa jama'a takarda ta kafu. A bakin gidan waya da ƙofar kotu da rumfar kasuwa sai ka ga mutum da teburinsa, wani da alƙalami, wani da tafireta. Ka faɗa masa buƙatarka, ka biya, ya rubuta, ka dangwala yatsa. Da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, sun kuma yi wa jama'a amfani. Duk da haka sha'anin yana da illa uku. Ta ɗaya, asirinka ya fita daga cikinka, ko tsakaninka da matarka ne ko da mai binka bashi. Ta biyu, maganar ba taka ba ce, gama marubucin yana da 'yan kalmomin da ya saba da su, da su zai rubuta wa mai neman aure, da su zai rubuta wa mai ƙarar gona, har wasiƙun gari guda su zama kamar an buga su da hatimi ɗaya. Ta uku, wadda ta fi muni, ba ka da ikon duba abin da aka rubuta da sunanka. Mutane nawa suka dangwala yatsa a kan abin da, da sun iya karanta shi, da ba su yarda ba?

Yaƙi da jahilci

Maganin abin ya taso daga Zariya. Cikin 1933 Dokta East ya sa gasar rubuta littattafai da Hausa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano. Cikin Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada ta Zariya, ba tamu ta Ɗankadai ba. Cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batu gaban Majalisar Arewa a Kaduna a kan gyaran mulkin En'e da wayar da kan talakawa. Bayan wannan aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ta Kano sunanta Sodangi. Daga baya, cikin 1980, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Jihar Kano hukuma ta musamman don ilmin manya.

Magidanta masu furfura suka zauna gindin bishiya bayan an taso daga gona, suna haɗa baƙi da wasali kamar yara. Ba don neman aikin ofis suka yi haka ba. Sun yi ne don su karanta rasit da idonsu, su rubuta wa ɗansu da ke ci rani ba wanda ya ji. Wanda kuma ya taɓa zama zai rubuta wasiƙa ya san wani sirri: sau da yawa mutum ba ya gane abin da ke zuciyarsa sarai sai ya zo sa shi a takarda. Ya rubuta, ya soke, ya sake, har ya ga inda hujjarsa ta yi rauni. Wahalar nan ita ce tunanin.

Sabon marubuci

Cikin 2001 wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya, cikin 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa. Sa'an nan ran 30 ga Nuwamba 2022 wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, waɗansu kamfanoni kuma suka fito da irinta. Ita a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Yadda ta ke aiki shi ne, an ɗura mata rubuce rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har ta gane wace kalma ta saba bin wace. In ka tambaye ta, sai ta riƙa jera kalma bayan kalma bisa ga abin da ya fi kama da daidai. Tana da amfani ƙwarai: ta kan fassara takardar Turanci, ta bayyana kalma mai wuya, ta gyara tsarin wasiƙa.

Amma a duba, illolin nan uku na marubucin kasuwa suna nan tare da ita. Abin da ka faɗa mata yana tafiya ne zuwa na'urorin kamfani a wata ƙasa. Salonta kuwa ɗaya ne ga kowa. Game da ta uku, tana iya ƙaga abin da babu shi ta faɗe shi da ƙarfin zuciya. Cikin 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci waɗansu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, don sun kawo masa takarda da ta kafa hujja da shari'o'i shida waɗanda ba a taɓa yinsu ba, na'urar ce ta ƙaga, su kuwa ba su bincika ba. In lauya ya faɗa wannan rami, ina ga wanda jiya ya karɓi takardar shaidar ajin manya?

Ga mu nan kuma akwai ƙarin haɗari. Abin da ta karanta na Hausa kaɗan ne in an gwada da na Turanci. Ta yiwu ta san an gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ko ta san ana haƙar kuza a Riruwai tun kafin zuwan Turawa, don waɗannan suna cikin littattafai. Amma iyakar gonakin Badafi, da fadamar da ruwa ke ci, da wanda ya gaji wane, waɗannan suna cikin kawunan dattawa ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mu da mu ke aikin akawu mun san takardar koke ba a auna ta da daɗin kalmomi. Ranar da aka kira mai ita aka tambaye shi me ya ke nufi da layi na uku, in ya yi shiru, to, ƙararsa ta raunana.

Cikin 2025 waɗansu masana a makarantar MIT ta Amurka sun gwada mutum 54, suka kasa su uku, suka sa su rubuta insha'i, waɗansu da ChatGPT, waɗansu da bincike a intanet, waɗansu da kansu kawai, ana auna motsin ƙwaƙwalwarsu. Aka ga masu rubutu da kansu sun fi aikin ƙwaƙwalwa, masu na'ura kuwa akasarinsu sun kasa kawo ko jimla ɗaya daidai daga abin da suka gama rubutawa. Gwajin ƙarami ne, amma malamin allo ba zai yi mamakinsa ba. Ai shi ya sa ba ya barin a wanke allon da ba a kawo ba.

Abin yi

Ba a ce a guji na'ura ba. Kakanninmu da suka guji boko ba su hana takarda zuwa ba, sai dai suka bar ta hannun waɗansu. Abin da tarihi ya koya mana shi ne mu ba ta matsayin magatakarda, mu kuwa mu riƙe na mai hatimi. Ka fara rubuta maganarka da hannunka, ko da karkatacciya ce, kana ka nemi ta gyara maka. Duk suna da kwanan wata da lissafin kuɗi da ta kawo, ka bincika wurin wanda ya sani. Kada ka faɗa mata abin da ba za ka faɗa cikin kasuwa ba. Kada kuma ka sa hannu a kan layin da ba za ka iya bayyana shi gaban alƙali ba, gama wannan dangwala yatsa ne, ko da da alƙalami ka yi shi. Yaranmu 'yan makaranta su ne abin tsaro ƙwarai, don wanda aka riƙa rubuta wa allo har ya girma ba zai zama gardi ba.

'Yan'uwa da kuka sha sanyin dare kuna koyon a da ba, kun sami abin da iyayenku suka yi ta biyan kuɗi a yi musu. Zanen aro ba ya rufe katara, haka nan alƙalamin aro ba ya faɗin abin da ke zuciya. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya sa mu iya riƙonsa, amin.