Yadda Muka Bi Sawun Kakarmu

Da aka ce kowace ta kawo wani abu don wannan takarda ta cikar shekara, mu uku 'yan gida ɗaya da muke cikin ƙungiya muka ce bari mu kawo labarin kakarmu ta wajen uba. Dalili kuwa, bara aka tashi sayar da gonarta a ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Kudu, aka ce a lissafo magada. Wallahi ko sunanta na yanka ba mu sani ba. "Iya" kawai muka tashi muna ji.

Cikin 'ya'yanta gwaggonmu ce kaɗai ta rage, ta haura tamanin. Muka ɗauki littafi da biro na ajin yaƙi da jahilci, muka yi Juma'a uku muna zuwa gabanta.

Wahalar farko suna ne. Mutanen da, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, saboda alkunya. Kowa da laƙabi: Ladi don an haife ta ran Lahadi, Tanko don ya biyo mata, Kande don ta biyo maza. Sai kin tambaya, "Wace Ladin? 'Yar wa?" Sunan Iya sai wurin wani tsoho ɗan gidan liman muka samo shi.

Ta biyu shekara. Ba takardar haihuwa, da abin da ya faru ake ƙirga. Gwaggo ta ce an haifi Iya shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano. Malamarmu ta ce 1911 ke nan. Tana 'yar ƙarama aka yi yunwar Kakalaba ta 1914. An yi mata aure shekarar da Abdullahi Bayero ya hau sarautar Kano, wato 1926, tana da shekara 15.

To, jirgin nan shi ya canza ƙauyukanmu. Da aka sami hanyar kai kaya Ikko, sai gyaɗa ta yi kuɗi, manoma suka koma mata don su biya haraji. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa saye, har aka yi ta tara buhuna ana dalar gyaɗa. Wannan kowa ya sani. Amma na matan gida ba a cika faɗa ba. Iya takan sayi gyaɗa a hannun mijinta da kuɗinta, ta soya, ta daka, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, 'yan mata su kai talla. Da dare kuma ta yi kaɗi. Daga anini zuwa sisi, daga sisi zuwa sule, ta shiga adashi har ta zama uwar adashi. Kwasar farko akuya ta saya. Da awakin suka yi yawa ta sayar, ta sayi gonar nan da muke magana. Kun ga ashe abin da muke yi a ƙungiya ba yau aka fara ba.

Sai farin 1973 ya zo, a 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa. A nan ne babanmu ya baro ƙauye ya zo Gyaɗi-Gyaɗi, bakin titin Zariya, yana leburanci. Nan aka haife mu, nan muka yi aure a Babban Giji, muka kama sana'a a kasuwar Tarauni. Ƙauye sai da salla ko rasuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga abin da rubutun ya tono. Iya ta haifi bakwai, huɗu suka rayu, amma uku aka lissafa. Akwai ƙanwar babanmu da aka aurar wajen Rano, ta rasu bayan Iya da shekara biyu. Malamin da ya yi rabon ya ce tunda ta riski gadon, kasonta na magadanta ne. Muka je muka nemo su, aka ba su haƙƙinsu. Da an ci shi ba da sani ba, har da mu a ciki.

Malamarmu ta ba mu labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa 'yar wajen Zarewa, da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihinta daga bakinta a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Baba ta rasu, labarinta na nan. Mu kam ba sai mun jira baƙuwa ba. Tun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a jihar nan, ga shi yau biro na hannunmu.

Roƙonmu ke nan: kowace ta je wurin wadda ta fi tsufa a gidansu kafin taro mai zuwa. Ki tambayi suna da laƙabi, garin da aka fito, sana'a, da wanda ya riga wani rasuwa. Ki rubuta, ki ba yara su kwafa. Gwaggo ta rasu wata biyar bayan zamanmu na ƙarshe. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Iya da magabatanmu duka, Ya ƙara wa ƙungiya albarka. Amin.