Charlie Wiggins, Bakaniken da Aka Hana Shiga Fili

Yau za mu waiwayi Amurka ta shekarun 1920, zamanin da tseren ƙananan motoci a filayen turɓaya ya zama abin kallon talakawa. Motocin na mutum ɗaya ne, ba rufi, ba abin da ke kare direba idan mota ta kife. Yawancin direbobin makanikai ne da ke harhaɗa motocinsu da hannunsu, kuma burin kowa shi ne babbar gasar birnin Indiyanafolis mai mil 500.

Cikinsu akwai Charlie Wiggins, baƙar fata, wanda aka haifa a 1897 a Evansville ta jihar Indiyana. Da goge takalma ya fara a bakin wani gareji, har ya koyi gyaran inji. Bayan ya koma Indiyanafolis ya ƙera motar tserensa da kayan da ya tsinto a wuraren zubar da matattun motoci. Sai dai ƙungiyar AAA, mai kula da manyan gasanni, ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa.

Baƙar fatar ba su zauna jiran a tausaya musu ba. A 1924 aka kafa musu tasu gasar, Gold and Glory Sweepstakes, tseren mil 100 a filin baje koli na jihar. Wiggins ya lashe ta sau huɗu, farko a 1926. Ana ba da labarin cewa a 1934 ya shiga babban filin da sunan mai shara, da dare kuma yana gyaran motar Bill Cummings, farar fata. Cummings ya ci gasar shekarar, Wiggins kuwa ya kalla daga wurin da aka keɓe wa baƙaƙe.

A 1936 motoci 13 suka yi karo a gasar tasu. Wiggins ya rasa ƙafarsa ta dama, gasar ma daga nan ba ta sake tashi ba. Ya sassaƙa wa kansa ƙafar katako, ya koma gareji yana koya wa matasa sana'a har rasuwarsa a 1979. Sai a 1991 baƙar fata na farko, Willy T. Ribbs, ya shiga gasar mil 500 ɗin.

Muna yawan cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wiggins ya yi cara, amma a bayan katanga ya yi ta. Da mutanensa ba su share nasu filin ba, da sunansa ya ɓace tare da ƙurar tseren. Wanda ya taɓa zama tsiraru a wani gari ya san darajar irin wannan fili, ya kuma san cewa bai maye gurbin haƙƙin da aka hana ba.