Daga Kwalin Kaset Zuwa Memori: Tarihin "Tura Min" A Achika

Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, kuma mu mutanen Achika mun daɗe da sanin cewa ba dabbobi da hatsi kaɗai ake dawowa da su daga can ba. A shekarun 1990 kaset ake cusowa cikin buhun cefane. Daga baya ya koma faifan CD. Yau yaro zai tafi da wayarsa fayau, ya dawo da fina-finai da waƙoƙi da wa'azi, duk a cikin memorin da bai fi farce ba. A tsawon waɗannan shekaru ba mu taɓa kiran abin da sunan sata ba. "Tura min" kawai muke cewa, kamar mai neman aron garwashi a maƙwabta.

Wannan ɗabi'a tana da asali. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, kwafar littafi aikin lada ne. Ɗalibi zai ari littafin malaminsa ya zauna da tawada da alƙalami har ya sauke shi, ya rubuta sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a. Ta haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da waƙoƙin Nana Asma'u suka ratsa garuruwa. Makaɗa ma haka. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ci abincinsa ne daga kyautar iyayen gida da ta masoya a filin wasa, don haka duk wanda ya naɗi muryarsa ya yaɗa, suna ya ƙara masa. Mai ilimi da mai waƙa ba daga kwafin suke samun na tuwo ba, shi ya sa ba su tsare shi ba.

Dokar ta zo daga wani wajen. Gwamnatin soja ta Janar Babangida ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka kuma samar da hukumar da za ta kula da ita a shekarar da ta biyo baya. A daidai lokacin kuwa, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano cike take da na'urorin bidiyo da aka jera, suna ta juyar fina-finan Indiya da na Amurka ba dare ba rana, ba tare da masu su sun ga ko sisi ba. Mu ma mun kalla, mun hardace sunayen jarumai, ba mu tambayi kowa ba.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne, a kan waɗannan na'urori fim ɗin Hausa ya hau ya girma. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, 'yan kasuwar da suka ƙware wajen kwafar kayan wasu su ne ke da injin, su ke da dillalai har Maradi da Agadas. Sai aka ƙirƙiro wata dabara. Furodusa zai ba ɗan kasuwa uwar kaset, shi kuma ya buga kwalaye masu hoton 'yan wasa. Ɗan kasuwa ya juyi kaset ɗinsa da kansa, amma kuɗin kwali yake biya. Kwali dubu, kaset dubu na halak. Ka ga ashe haƙƙin mallakar fim ɗin Hausa ba a kotu ya zauna ba, a jikin takarda mai sheƙi ya zauna. Tsarin yana da ɓaraka, furodusoshi sun sha kukan bashi da kwalayen jabu, amma ya ciyar da dubban mutane har aka zo zamanin su Sangaya da Wasila. Kada kuma mu manta, masana'antar da ke kukan sata ita ma ta ɗebi labarai da karin waƙoƙi daga Indiya ba da sallama ba.

CD ya rage wa kwali daraja. Waya ce ta kashe shi. Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001, kuma da wayoyi masu memori suka yi arha, sai wata sana'a ta ɓullo: saurayi da kwamfuta da ɗan janareta, a rumfar caji ko bakin tasha, yana tura fim a kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Kwafi ɗaya ya isa gari guda. Daga wayar wanda ya biya, Bluetooth da Xender su ƙarasa aikin kyauta a majalisa. Shagunan faifai suka yi ta rufewa, masu zuba jari suka ja baya. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi shahara da kula da tarbiyya, amma ko da ta juyo kan masu turi, ina za ta fara? Kowace rumfa masana'anta ce.

A can ƙasashen Turai da Amurka, tun da kotu ta durƙusar da Napster a 2001, kamfanonin waƙa da fim suka gane ba za su iya kai kowane matashi ƙara ba. Sai suka ce a ɗora wa kamfanonin da ke sayar da intanet aikin gadi, tun da ta bututunsu kayan ke bi. Faransa ta yi dokar Hadopi a 2009: gargaɗi na farko, na biyu, a na uku a iya yanke maka layi. An aika gargaɗi bila adadin, amma a 2013 gwamnati ta soke hukuncin yanke layin. A Amurka manyan kamfanonin intanet sun gwada tsarin gargaɗi shida daga 2013, suka watsar da shi a 2017. Masu adawa sun ce layi ɗaya na gida guda ne, don me za a hukunta uwa da laifin ɗanta? Kuma wanda aka ba izinin leƙa abin da kake saukewa, me zai hana shi leƙa sauran?

Yanzu muhawarar ta iso gida. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta ba mai fasaha damar rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da kayansa a intanet ya sauke su, ta tanadi dakatar da asusun mai maimaita laifi, ta kuma ba hukuma ikon toshe shafin da ke yaɗa kayan sata. A takarda, ci gaba ne, kuma wanda ya sayar da fili ya yi fim ya cancanci fiye da haka.

Sai dai mu da muka ga 2021 muna da dalilin ɗari-ɗari. A watan Yuni na shekarar aka umarci kamfanonin sadarwa su toshe Twitter, suka toshe har Janairun 2022. A watan Satumba aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Tun ƙarshen 2020 kuma aka fara haɗa kowane layi da lambar NIN. Ikon yana nan, sunan kowa yana jikin layinsa. Muna ganin toshe shafin da ya mai da satar fina-finai kasuwanci daidai ne. Mai da MTN da Airtel da Glo 'yan sandan da za su riƙa bin diddigin wayar kowa kuwa, wannan kashe sauro ne da taɓarya.

Balle ma taɓaryar ba za ta sami sauron ba. Mafi yawan abin da ke yawo a Achika bai taɓa bi ta intanet a tsakaninmu ba. Daga waya zuwa waya yake tsallakawa, ba data, ba kamfani a tsakiya. Abin da ya ɗan farfaɗo da 'yan fim ba kame ba ne. Tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ta soma sayen shirye-shirye, sannan a 2020 Izzar So ya nuna cewa ana iya sakin fim kyauta a YouTube a ci kuɗin talla. An koma gidan jiya ke nan, irin na Shata: yaɗuwa ce riba, wani ne daban ke biya.

Waɗanda aka bari a rana su ne marubuta. A zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko mai shagon haya sai ya sayi kwafi kafin ya bayar. Marubuciyar yau, wadda ke buga labari da babban yatsa bayan yara sun yi barci, ba ta da talla, ba ta da tasha. Takan saki shafukan farko kyauta, sauran ta sa kuɗi kaɗan a rukunin WhatsApp. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin layi ba ya ganin cikinsu, don haka ba wanda za ta rubuta wa ya sauke. Makaminta ɗaya ne, takan rubuta a saman kowane babi cewa ba ta yafe wa duk wanda ya fitar mata da littafi ba. Kafin la'asar babin ya iso wayoyinmu ta hannu na biyar ko na shida, da Allah-ya-isar a samansa ba wanda ya goge. Mukan ja allon sama da yatsa mu wuce wurin da sauri, mu fara karatu.